Kakin Zumar da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na yi aiki ba. Na ɗora kasko a wuta, sai wani ya leƙo maƙera ya ce, Sale, wai da gaske ne yayanka ya taɓu? Na fito daga masallacin Limawa, wani ya riƙe mini hannun riga yana tambaya ko Faransawa sun kulle ni. To ku zauna in faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Amma in gaya muku tun yanzu, ni da na yi tafiyar da ƙafata, yawancin abin da na gani sai da na dawo gida na gane kansa.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu maƙeran fari ne. Tsofaffin kuɗin azurfa muke narkawa mu yi awarwaro da zobe da 'yan kunne. Yaya Idi shi ne babba, kuma hannunsa ya fi nawa, ba na jin kunyar faɗa. Ya bar gida ina Kafin Hausa wurin kawunmu ina karatu. Na dawo na tarar babu shi, na tambaya, Baba ya ce in na sake kiran sunan nan a gabansa in bi shi. Shekaru suka tura, Baba ya rasu, Yaya Idi bai zo ba. Labarinsa dai muna ji a bakin fatake: wai yana Damagaram yana ƙira, amma ya koma tara kuɗi, ba ya kashewa, ba ya narkawa, sai ya shimfiɗa su yana kallo. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce iska ce ta shige shi.

Bana bayan girbi idon Inna ya yi ƙasa ƙwarai. Wata safiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka je ka zo mini da Idi tun ina iya rarrabe fuska da inuwa." Na ce Inna, mutumin da bai zo jana'izar ubansa ba, ni wane ne da zan ɗauko shi? Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ciro 'yar batta ta fata ta miƙo mini. Ta ce kada in bari rana ta taɓa abin da ke ciki, kada in danna shi, kada kuma in roƙi Yaya Idi komai, in miƙa masa kawai.

Ina fita zaure na buɗe, ba sai na ɓoye muku ba. Kakin zuma ne, an faɗaɗa shi kamar ƙaramar waina, an danna wani abu a kai. Ni maƙeri ne, na gane sawun kuɗi ne, amma ba kuɗin da na taɓa riƙewa ba: mutum biyu a jikinsa, da wani abu kamar garma, ga kuma wani ɗan tsiro a gefe kamar ƙwayar gero. Na koma na tambaye ta ina ta samo wannan. Ta ce in je rana na yi. Haka na tafi, da jaki, da buhun dabino na tsaraba, da saƙon da ban san me yake cewa ba.

Na bi ayarin wani madugun goro, Madugu Tanko, mutum mai yawan magana da ƙarancin haƙuri. Kafin mu kai Jahun rana ta buɗe, na leƙa battar na ga kakin ya fara sheƙi. Na nuna wa Madugu, ya dube ni ya dubi kakin, ya ce shi dai ya ga masu kai gishiri da masu kai kanwa, amma bai taɓa ganin mai kai wa Damagaram kakin zuma guntu ɗaya ba. Duk da haka ya taimake ni. Ya naɗe battar da ganyen goro, ya yayyafa ruwa, ya cusa ta tsakiyar huhu. Daga ranar duk inda aka sauka ana shayar da goro, ni ma ina tsugune ina shayar da kakina, 'yan ayari suna tambayata ko ya tashi lafiya.

A Miga muka ƙetare kogi. Ruwan bai kai ƙugu ba, amma jakina ya isa tsakiya ya ce nan ya ga wurin kwana. Na ja, na tura, na zage shi har kakanninsa, ya durƙusa da buhun dabino a bayansa. Sai da wasu mata masu wanki suka shigo suka ɗaga shi ta wutsiya suna dariya. Dabinon ya jiƙe ya dunƙule ya zama curi guda. Mun kwana gidan wani manomi da ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka mai daɗi, sai dai matarsa ta ji ana maganar kakin zuma, ta aiko a sam mata kaɗan za ta toshe tsagar ƙwarya. Na ce ba na bayarwa ba ne, ta ce ai ta ji dama mutanen Dutse haka suke.

Daga Gumel zuwa Maigatari ƙasa ta koma yashi, raƙuma suka fi jakuna yawa. Ni na zaci iyaka wani abu ce babba, ganuwa ko kogi. Ashe rumfa ce ta zana da tuta a kan sanda, da wasu masu gadi da jar hula. Hausa suke yi kamar ni, ɗayansu ma ya ce uwarsa 'yar Gumel ce, amma wai daga inuwar rumfar nan zuwa gaba wata ƙasa ce. Na dubi geron da aka girbe a wannan gefe, na dubi na wancan gefe, kara iri ɗaya ne.

Suka kwance kayan Madugu, suka kai ga battata. Babbansu ya buɗe ya tambaye ni mene ne. Na ce saƙon uwata ne. Ya ce me saƙon yake cewa? Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce to ni ke nan ɗan aike ne da bai san aikensa ba, na ce ƙwarai kuwa. Ya zaci raina masa hankali nake yi. Ɗaya ya ce sammu ne, ɗaya ya ce a'a, irin abin da masu buga kuɗin jabu suke yawo da shi ne, kuma ga shi na faɗa da bakina cewa ni maƙeri ne. Madugu ya shiga tsakani da goro da rantsuwa, ya ce su dube ni da kyau, mai wannan fuskar ko anini ba zai iya bugawa ba. Na ji zafin maganar, amma ita ta cece ni. Sai dai kafin babban ya mayar mini, ya sa babban yatsa ya danna kakin don ya ji ko an ɓoye wani abu a ciki.

Da muka yi nisa na buɗe. Mutum biyun nan sun tafi, sai shatin yatsan ƙato a wurinsu. Abin da ya rage garmar nan ce da ɗan tsiron gefe. Na zauna a kan yashi na rasa abin yi. In koma Dutse in ce wa Inna a sake, ga nisa, ga idonta ba ya jira. In ci gaba, me zan miƙa? Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin mai jar hular nan ba, har yanzu in na tuna sai na yi tsaki. Madugu ya ce in tashi, rabin saƙo ma saƙo ne, ayari ba zai kwana a nan don ni ba.

Can ƙasar abubuwa suka yi ta ɗaure mini kai. Na miƙa anini in sayi fura, mai furar ta ƙi karɓa a matsayin kuɗi, amma ta roƙe ni in ba ta don ta rataya wa jikarta a wuya, tunda da hujinsa ya zo. Kuɗinsu kuwa har da na takarda, wai mutum ya ba da akuya a ba shi takarda ya tafi yana murna. Furarsu ruwa-ruwa ce, a sha a sake sha, kuma suna da wani abu cuku, nono ne da aka busar ya yi tauri, na gatsa na zaci sun ba ni tafin takalmi. Ruwa ya fi komai tsada. Garin Damagaram kansa duwatsu ne jibga-jibga kamar namu, har na ji kamar na yi kewaye ne na dawo gida.

Mun sauka a Zango wurin fatoman Madugu, wato mai saukar da baƙi. Na ɓantari curin dabinona na ba shi don girmamawa. Ya juya shi a hannu, ya tambaya ko maganin wani ciwo ne. Da na ce dabinon Dutse ne, ya shiga ciki ya fito da na hamada cike da faifai, ya ce in ci in ji. Na ci. Ba zan faɗi wanda ya fi ba, ina da 'yan'uwa masu dabino a garin nan. Da na ambaci Idi maƙeri sai ya ce, au, Idi mai kallon kuɗi? Ya kwatanta mini gidan, ya ce in na je bayan la'asar zan same su duka. Na ce su wa? Ya ce in je dai.

Na yi sallama a zauren, na tarar da mutane zaune sun sunkuyar da kai kan tabarma kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Yaya Idi ya ɗago. Ya yi furfura, ya rame, amma goshin Baba ne sak. Ya gane ni, na ga ya gane ni, sai ya ce, "Sale ne? Zauna, yanzu za mu gama." Shi ke nan. Bayan shekarun nan duka, da yashin da na sha, wai in zauna yanzu za su gama. Na zauna ina huci.

A gaban kowannensu akwai fata doguwa mai aljihu-aljihu, kowane aljihu da kuɗi ɗaya. Akwai wani tsohon Balarabe ɗan kasuwa, da wani tela, da wani dattijo da suke kira Baba Soja. Ina kallo tela ya miƙa azurfa babba mai nauyi, ya karɓi wani ɗan jan ƙarfe da ko albasa ba zai saya ba, kuma shi ne ya yi godiya. Na kasa haƙuri na ce, dattawa, ku gafarce ni, wa ya ci riba a nan? Suka yi dariya gaba ɗaya.

Baba Soja ne ya tausaya mini. Ya ce shi ma da haka yake. Lokacin da aka kai su yaƙi ƙasar Turawa, wata rana aka ba shi canji, ya ga ɗaya ya bambanta da sauran. Ya tambaya, aka ce masa sarkin wata ƙasa ne ya sa aka buga shi don tunawa da wani babban abu da ya faru, shekara ɗaya aka buga aka daina, aka sake shi cikin kasuwa yana yawo kamar kowane kuɗi. Ya ce daga ranar bai sake karɓar canji ya jefa aljihu ba tare da ya juya shi ba, kuma wanda ya fara juyawa ya shiga ke nan. Na ce to in tunawa ake so, ba sai a sa maroƙi ya yi waƙa ba? Kuɗi ai na rabuwa ne, yau yana hannunka gobe yana hannun mahauci. Balaraben ya ce ai shi ya sa, waƙa sai wanda ya je wurin, kuɗi kuwa har gidanka zai iske ka. Na gyaɗa kai don ladabi, amma ban gane ba.

Ana cikin haka wani ya kawo wata azurfa da aka cire daga kitson mace, da huji a samanta. Yaya Idi ya karɓa, ya duba, ya mayar. Ya ce wanda aka huda ya mutu, a kai wa maƙera su narka. Na riƙe wannan maganar, don ita kaɗai ce na ji ta yi kama da hankali a zaman.

Da suka watse ya tambaye ni gida. Na ce Baba ya rasu. Ya ce ya ji. Na ce idon Inna na tafiya. Ya naɗe fatarsa, sannan ya ce Allah ya ba ta lafiya, shi ba shi da fuskar shiga gidan nan. Bakina ya cika da maganganu, amma na tuna an ce kada in roƙe shi. Na ciro battar na ajiye a gabansa, na ce ga shi, an ce in ba ka, wani ƙato ya ɓata rabi a iyaka, ni kuma ban san ko mene ne ba.

Ya buɗe ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe yana kallo. Ya warware fatar, ya ciro wata azurfa daga aljihun farko, sabuwa fil, ya kara ta kusa da kakin. Ga mutum biyun a jikin azurfar, ga garmar. Iri ɗaya ne. Ya sa farce ya taɓa ɗan tsiron nan na gefe, ya ce a hankali, "Ta huda shi." Ashe tsiron sawun huji ne.

Na ce to alhamdu lillahi, ashe kana da irinsa, wahalar banza na sha. Bai ko dube ni ba. Ya tambaya yaushe ayarin Madugu zai juya. Nan kaina ya ƙara kwancewa. Mutumin da aka ce masa uwarsa na makancewa bai motsa ba, ya ga sawun kuɗin da yake da wanda ya fi shi, mai huji kuma, irin wanda ya ce ya mutu, ga shi yana ɗaure kaya. Na ce a raina lallai fatake sun yi gaskiya, ya taɓu, amma tunda taɓuwar ta nufi Dutse, ba ni ne zan yi mata magani ba.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Gumel, ya ba ni rabin labarin ba tare da na tambaya ba. Ya ce wata mata ce ta kawo tsofaffin kuɗi a yi mata awarwaro, a ciki ya ga wannan. Wani bafatake da ke zaune a maƙera ya ce daga Tarabulus irinsa ke zuwa, Turawan can ne suka buga shi don tunawa da ranar da ƙasarsu ta haɗu. Yaya Idi ya roƙi Baba a bar shi, zai yi aiki ya biya. Baba ya ce azurfar mutane amana ce, kuma ɗan maƙerin da ya fara tausayin kuɗi ya gama lalacewa. Magana ta yi tsawo, Baba ya mare shi a gaban mutane. Washegari ya tarar an narka komai, aka ɗora a ma'auni azurfa ta cika cif, ya san nasa ya tafi. Ya ce abin da ya fi marin ciwo shi ne Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba. Ranar ya bar gari. Wanda ke cikin fatarsa kuwa sai da ya yi shekaru yana nema kafin ya samu wurin Balaraben nan.

Mun shigo Dutse da hantsi. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale da lalube. Yaya Idi ya durƙusa nesa da ita ya yi gaisuwa, ta ce ya matso ba ta ganin nesa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta kawo ta dab da tata, ta daɗe, sannan ta ce ya tsufa. Ta sa hannu cikin zanenta ta jawo igiyar layunta, ta kwance wani abu ta sa masa a tafin hannu. Azurfa ce, ta sha gumi ta sha jiki har fuskokin sun kusa shafewa, ga huji a gefe wanda aka yi da hannun da bai iya ba. Ni da na girma a gidan ban taɓa sanin tana da shi ba.

Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Inna, azurfar matar nan ta cika a ma'auni, da idona na gani. Me kika zuba a madadinsa?"

Ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Da ka kai azahar a gidan nan da na ba ka abinka." Sai ta kai hannu ta shafa kunnenta.

Jama'a, ni ɗan maƙerin fari, na yi wa matan garin nan 'yan kunne ba iyaka, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kunnen uwata yake wayam ba. Na zaci haka take so. Kunya ta rufe ni, Yaya Idi kuwa ya kifa kai a gwiwarta yana kuka kamar yaro, tana buga bayansa tana cewa ya isa, zai zubar mata da zogale.

Da ya natsu ya warware fatarsa. Ya ciro sabon nan da ya sha wahalar nema, ya sa mai hujin a aljihun farko. Sabon kuwa ya jefo mini, ya ce, "Hura wuta." Na kai shi maƙera, na ɗora kasko, na ɗauke shi da awartaki, sai na ji hannuna ya tsaya. Na juya shi na dubi mutum biyun nan da garmarsu, na ce ko su wane ne, ko me ya haɗa su. Yaya Idi yana kan zuga-zugi ya ce, ka gani ko, haka take farawa. Na ce Allah ya kiyaye, na sake shi cikin kasko. Shi ya yi ƙirar 'yan kunne, ni na goge.

Hujin kunnen Inna ya toshe tuntuni, sai da aka kira wanzamiya ta sake huda mata, tsohuwa tana raki maƙwabta na dariya. Masu tambaya ko yayana ya taɓu, ga shi can a maƙera, ku je ku tambaye shi, amma ku riƙe canjinku da kyau don sai ya ce ku ba shi ya duba. Inna kuwa in kun wuce da hantsi za ku same ta a ƙofar ɗaki tana juya kai don a gani. Ita ba ta ganinsu, sai dai jim kaɗan ta kai hannu ta taɓa.